Shin kula da fadama zai gyara ruwan kogin da ke fitowa daga wata ƙasa?

"Ina aiki a matatar ruwan sha ta wani gari da ke bakin kogi. Kogin daga wata ƙasa yake fitowa. Da damina ruwan yakan zo jawur da laka, da rani kuma ya koma kore, har kuɗin maganin tace shi ya so ya fi ƙarfinmu. A wani taro na ji ana cewa idan ƙasashen biyu suka haɗa kai wajen kula da fadamun kogin, ruwan zai gyaru. Gaskiya ban gane ba. Me fadama za ta yi wa gurɓataccen ruwa? Kuma ta yaya za a sa wata ƙasa ta kula da fadamarta saboda mu?"

Malam, tambaya biyu ka haɗa, ɗaya ta kimiyyar ruwa, ɗaya ta zaman maƙwabtaka, kuma ta biyun ta fi wuya nesa ba kusa ba. Abin da ka ji a taron gaskiya ne, amma da sharaɗi. Fadama tana tace wasu nau'o'in datti, wasu kuma ba ta iya komai a kansu. Kuma ba ta aikin sai ruwa yana hawanta a kan lokaci, ya zauna gwargwado, ya janye. Wannan hawa da janyewa kuwa, a kogin da ya ratsa iyaka, yawanci yana hannun wanda ke riƙe da madatsar ruwa a can tudu.

Abin da ke faruwa idan ruwa ya hau fadama

Cikin kwarin kogi ruwa gudu yake yi, kuma gudun ne ke riƙe laka a cikinsa. Da zarar ya tumbatsa ya bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ciyawa da saiwoyi suka rage masa ƙarfi, sai lakar ta fara kwantawa, kamar yadda ake barin ruwan da ya dagule a tulu ya kwana. Lakar kuwa ba ita kaɗai take tafiya ba. Mafi yawan sinadarin fosfaras na takin zamani a jikinta yake liƙewa, haka magungunan feshi da dama, da ƙarafa masu guba irin su dalma, da ƙwayoyin cuta daga kashin mutane da na dabbobi. Duk inda laka ta kwanta, su ma can suke sauka. Ƙwayoyin cutar kuma, in ruwan ba zurfi kuma rana na dukansa, da yawansu mutuwa suke yi cikin 'yan kwanaki.

Naitret, ɗaya sinadarin da taki ke zubarwa, hanyarsa daban. Narkewa yake yi a ruwa, don haka ba ya kwantawa. Abin da ke kawar da shi wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda oksijin ya ƙare. Ruɓaɓɓen ganye suke ci, suna shaƙar naitret a madadin oksijin, su mayar da shi iskar naiturojin ta tashi sama, iskar da dama ita ce kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa. Ta fuskar sinadaran taki, wannan ne kaɗai aikin fadama da ke fitar da datti daga kogi baki ɗaya. Sauran ajiya ce. Lakar da ta kwanta tana nan, wata babbar ambaliya na iya tayar da ita. Abin da tsirrai suka zuƙe yana komawa ruwa in sun ruɓe, sai fa in an yanke su an kwashe. Ka riƙe wannan bambanci, domin shi ne ke raba mai maganar da ta tsaya da mai tallar aiki.

Akwai aiki na uku da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ya fi shafar koren ruwanka na rani. Ruwan da ya zauna a fadama yana nutsewa ƙarƙashin ƙasa, sannan ya riƙa tsattsafowa cikin kogi a hankali bayan damina ta wuce. Koren da kake gani gansakuka ce, kuma abu uku take so: abinci daga taki da ruwan dagwalo, zafi, da ruwa kaɗan marar gudu. Kogin da fadamarsa ke ciyar da shi da rani yana da ruwan da zai tsarma dattin. Wanda aka raba shi da fadamarsa kuwa, da damina ya wuce a guje da lakarsa, da rani ya zama kwata.

Darasin kogunan Turai

Turai ta lalata fadamunta sosai, ta kuma daɗe tana ƙoƙarin gyarawa, shi ya sa misalanta ke da amfani. An fara miƙar da kogin Rayin a 1817 bisa tsarin wani injiniya Bajamushe mai suna Tulla, aka yanke lanƙwasoshinsa, aka kewaye shi da jinga. Yau kogin ya rasa kusan kashi 85 cikin ɗari na filin da yake malala a da. Kogin Danub, wanda ƙasashe 19 ke da rabo a yankin da ke zuba masa ruwa, ya rasa kusan kashi 80. A shekarun 1970 da 1980 takin da ya riƙa kwasowa ya taimaka wajen kashe halittun ƙasan teku a arewa maso yammacin Bahar Aswad, domin gansakuka ta yi yawa, ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta cinye oksijin.

To amma a duba yadda Rayin ya farfaɗo. Hukumar haɗin gwiwar kare shi tun 1950 take, sai dai abin da ya farkar da gwamnatoci gobarar da ta tashi ne a wani rumbun sinadarai kusa da birnin Basel na Suwizalan ranar 1 ga Nuwamba 1986. Ruwan kashe gobarar ya kwashi tan-tan na maganin ƙwari ya zuba a kogi, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, matatun ruwan sha har zuwa Holan suka rufe bututunsu. A 1987 ƙasashen suka amince da shirin rage abin da masana'antu da birane ke zubarwa. Wannan, tare da matatun ruwan dagwalo da aka yi ta ginawa tun shekarun 1970, shi ya tsabtace Rayin. Maganar mayar masa da fadama daga baya ta yi ƙarfi, bayan ambaliyar 1993 da ta 1995, wadda ta sa Holan kwashe mutane kusan 250,000 daga gidajensu. Wato tsoron ambaliya ne ya buɗe aljihun gwamnatoci, gyaruwar ruwa ta biyo a matsayin riba.

Ina jaddada wannan jeri ne saboda na sha zama a tarurrukan da ake gabatar da fadama kamar za ta ɗauke wa gari nauyin gina matatar dagwalo. Ba za ta ɗauke ba. Dattin da ke fitowa ta bakin bututu, na masana'anta ko na birni, a bakin bututun ake tare shi. Fadama ta fi amfani ga dattin da ba shi da baki ɗaya, wanda ke gangarowa daga dubban gonaki da hanyoyi da zaizayar ƙasa, wanda ba wata matata da za ta iya kamawa.

Girman fili ma yana da muhimmanci. A Lenzen, bakin kogin Elbe a Jamus, an ja jinga baya aka mayar wa kogi kimanin hekta 420. Da ambaliyar 2013 ta zo, tsayin ruwa a wurin ya ragu da kusan rabin mita. Nasara ce babba ta fuskar ambaliya. Amma fili irin wannan, a gefen kogi mai girman Elbe, ƙaramin kaso ne na ruwan shekara ke bi ta kansa, don haka mai matata a can gangare da wuya ya ga bambanci a ma'auninsa. Sai irin waɗannan wurare sun yi yawa, sun jeru a tsawon kogi, sannan lissafin ke fitowa.

Inda fadama ke gazawa, da inda take cutarwa

Gishiri ba ya kwantawa, bakteriya kuma ba sa cinye shi. A tsakiyar 2022, ɗaruruwan tan na kifi suka mutu a kogin Oda da ke tsakanin Polan da Jamus. Ruwa mai gishiri daga masana'antu da wuraren haƙar ma'adinai ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, sai wata gansakuka mai dafi da ke son ruwan gishiri ta bunƙasa. Ba fadamar da za ta hana wannan. Haka guba mai zuwa lokaci ɗaya, kamar wadda ta fashe daga tafkin sharar ma'adinan zinariya a Baia Mare ta Romaniya a Janairun 2000, inda ruwa mai sayanayid kimanin mita kubik 100,000 ya bi ta kogin Tisa na Hungari ya shiga Danub. Abin da ke ceton mutane a irin wannan rana shi ne wayar gargaɗi daga maƙwabci kafin gubar ta iso.

Ƙarafa masu guba kuwa fadama na karɓarsu, amma ita ke zama da su. A wasu makiyayun bakin Elbe, dattin masana'antun da aka rufe tuntuni yana nan cikin ƙasa, har ana sa ido kan ciyawa da naman dabbobin da ke kiwo a wurin. Saboda haka inda ake haƙar zinariya da zaiba a tudu, buɗe wa ruwa fadamar da ake noma a cikinta kafin a tare gubar daga tushe, kwashe matsala ne daga kogi a zuba ta a gonar talaka.

Sai kuma ruwan da ya hau ya ƙi sauka, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi. Idan ƙasa ta daɗe a nutse ba oksijin, sinadarin ƙarfen da ke riƙe fosfaras yakan sake shi, fadama ta koma mai zuba taki a kogi. Idan kuma ta yi shekaru ba ta ga ruwa ba, ganye ya taru, ranar da ambaliya ta zo ruɓewarsa na iya cinye oksijin ɗin ruwan gaba ɗaya. Haka ya faru a kogin Mare na Ostareliya a 2010 da 2011 bayan dogon fari, ruwa ya yi baƙi kifaye suka mutu. A kogin Senegal, madatsar Diama da aka kammala a 1986 ta hana ruwan teku shigowa ta kuma tsayar da ruwa wuri ɗaya duk shekara. Dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ya samu gida, cutar ta ɓarke a yankin Richard-Toll, ciyawar kacala ta toshe magudanai. Ita dai wannan kacala ta addabi dausayin Haɗeja da Nguru bayan dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya zuwan ruwa, ya koma yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Fadama mai lafiya tana buƙatar bushewa kamar yadda take buƙatar jiƙa.

Abin da ake sasantawa a kai tsakanin ƙasashe

Ƙasashe 153 ne ke raba kogi, tafki ko ruwan ƙarƙashin ƙasa da wata ƙasa, don haka halin da kuke ciki shi ne halin yawancin duniya. Tushen wahalar kuwa ɗaya ne: wanda zai ba da filinsa a tudu yake, wanda zai sha ruwa mai kyau a gangare yake. Ba gwamnatin da za ta ce wa manomanta su janye daga bakin kogi don matatar wata ƙasa ta rage kuɗin magani. Sai ta ga nata amfanin, ko an biya ta.

Biyan kuwa an taɓa yi. A yarjejeniyar 1976 kan gishirin da ma'adinan yankin Alsas na Faransa ke zubawa a Rayin, Holan da ake cutarwa ita ta ɗauki kashi 34 cikin ɗari na kuɗin ragewa, Jamus da Faransa kashi 30 kowace, Suwizalan kashi 6. Mutum zai ce ina adalci a nan, wanda aka ɓata wa ruwa shi ke biyan kaso mafi tsoka? Ni ma ban ce adalci ne ba, kuma Faransa ta ja shekaru kafin ta tabbatar da yarjejeniyar. Amma Holan ta yi lissafi ta ga biyan ya fi mata sauƙi a kan zaman jira. A 1982 kuma Faransa da Jamus suka amince su keɓe filayen da za a riƙa sakar wa ruwa a gaɓoɓin Rayin idan ya cika, domin kare garuruwan da ke gangare. A shekarar 2000, Romaniya, Bulgeriya, Moldoba da Yukren suka sa hannu kan kare fadamun ƙarshen Danub da farfaɗo da su, fili mai faɗin hekta 935,000.

A kogunan da madatsai ke juya su, abin da ya fi kuɗi daraja a teburin sasantawa shi ne jadawalin sakin ruwa. Rabon ruwa da adadin shekara kawai bai isa ba. Ƙasa na iya sakar maka duk kasonka daidai wa daida kowane wata, ka samu adadin cif, fadamarka kuma ta mutu saboda ruwan bai taɓa kai tsayin da zai hau ta ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne a wane wata za a saki ruwa mai yawa, zuwa wane tsayi, na tsawon makonni nawa, kuma yaushe za a bar ƙasa ta bushe. An gwada wannan ya yi aiki. Dam ɗin Maga da jingar da aka gina a gefen kogin Logon a 1979 don noman shinkafa sun busar da babban ɓangare na fadamar Waza a arewacin Kamaru. A 1994 aka buɗe wani rafi da aka toshe, ruwa ya koma, ciyawar kiwo da kifi suka fara dawowa. A ƙarshen kogin Senegal ma, ɓangaren Muritaniya, an farfaɗo da dausayin Diawling a shekarun 1990 ta hanyar sakin ruwa da ƙofofi bisa kwaikwayon ambaliyar da.

Dokoki da hukumomi akwai su. Yarjejeniyar ruwa ta Helsinki ta 1992 an buɗe ta ga duk duniya a 2016, Chadi da Senegal suka shiga a 2018, Najeriya a 2023. Ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 ta fara aiki a 2014. Dukansu sun tsaya a kan amfani da ruwa bisa adalci, da kauce wa cutar da maƙwabci, da sanar da shi kafin a fara babban aiki. Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 take, ta Kogin Neja mai ƙasashe tara tun 1980, ta kogin Senegal tun 1972. Sai dai takarda ba ta buɗe ƙofar dam. Hukumar da ta fi tasiri a cikinsu, ta kogin Senegal, ta samu ƙarfinta ne daga mallakar madatsai tare da raba kuɗinsu da amfaninsu tsakanin ƙasashen.

Abin da na gani a wurin aiki

Mafi yawan gardamar da na tarar tsakanin ma'aikatan ruwa na ɓangarori biyu a kan alƙaluma take. Wannan ya auna a tsakiyar kogi, wancan a bakin gaɓa. Wannan ya kai samfurinsa ɗakin gwaji ran nan, wancan ya bar nasa ya kwana uku a mota. Kowa ya zo da takardarsa yana ƙaryata ɗan'uwansa. Maganin da na ga yana aiki mai sauƙi ne: a shiga kwale-kwale ɗaya, a ɗebi ruwa a bokiti ɗaya, a raba shi kwalba biyu, kowa ya kai gida ya auna. In sakamako ya saɓa, an san matsalar ta ɗakin gwaji ce, a gyara ta. Ƙasashen Danub suna yin irin wannan bincike na haɗin gwiwa a tsawon kogin tun 2001, kusan duk bayan shekara shida.

Abu na biyu, awon wata-wata yana yaudara. A koguna da yawa, kaso mafi girma na lakar shekara da fosfaras ɗin da ke jikinta cikin 'yan kwanakin cikar kogi suke wucewa, ranakun da hanya ta yanke kuma ba mai son fita. Wanda bai auna a waɗannan ranaku ba bai san abin da koginsa ke ɗauka ba, kuma ba zai iya nuna abin da fadama ta rage ba. Dole kuma a haɗa awon datti da awon yawan ruwan da ke wucewa, domin a tsakanin ƙasashe nauyin da ya ƙetare iyaka ake magana a kai, tan nawa a shekara.

Na uku shi ne mutanen da ke cikin fadamar. Ba fili ne da ba kowa ba. Manomi na son ruwa ya janye da wuri ya yi shuka, masunci na son ya daɗe kifi ya yi ƙwai, makiyayi na son ciyawa da hanyar kai dabbobi mashaya. Idan aka ce kula ta bai-ɗaya, ana nufin a zaunar da waɗannan tare da mai dam da mai matata kafin a tsara jadawali. Kuma fadamar da ake noman rani a cikinta da taki da feshi ba ƙaƙƙautawa tana iya zuba wa kogi fiye da abin da take cirewa. Gyaran nan ba ya buƙatar korar kowa: a bar zirin ciyawa da itatuwa a bakin ruwa, a daina zuba taki dab da zuwan ambaliya, a fitar da juji da masai da rumbun sinadarai daga inda ruwa ke kaiwa. Shirin da ya fara da tashin mutane, a iya abin da na gani, jingar da aka rushe da rana da dare ake mayar da ita.

Kai kuma, daga inda kake

Kana riƙe da abin da hukumomin kogi ke nema ba su samu: littafin matatarku. Kaurin laka na kowace rana, yawan maganin da aka zuba, ranakun da aka tsayar da injin saboda ruwa ya ɓaci, da kuɗin da duk wannan ya ci. Ka tattara na shekarun da kuke da su, ka jera su gefen bayanan tsayin kogi. Wannan ne zai nuna ko matsalarku ta zaizayar ƙasa ce, ko ta taki da dagwalo, ko ta ƙarancin ruwan rani, kuma kowace da irin maganinta. Shi ne kuma ke mayar da kuka ya zama lissafi, har wakilin ƙasarku ya iya cewa ga abin da muke asara duk shekara, ga abin da za mu iya sakawa a gyaran tudu. Kafin a nuna wa maƙwabci yatsa kuma, a auna ruwan a daidai iyaka, a sake aunawa a bakin bututunku. Sau da yawa wani kaso mai kauri na dattin tsakanin nan da can yake shiga, daga garuruwa da gonakin gida.

Kada ka sa ran sauyi cikin damina ɗaya ko biyu. Laka na iya raguwa da wuri, amma naitret da ya riga ya nutse ƙarƙashin ƙasa da fosfaras da ya taru a gindin kogi sukan ci gaba da fitowa shekaru da dama bayan an rage zubawa. A tsakanin nan, ku sa masana su duba ko ƙasar bakin koginku yashi ce da tsakuwa mai kauri. In haka ne, ana iya haƙa rijiyoyi a ɗan nesa da gaɓa a riƙa jan ruwan kogin ta cikin yashin, ya iso da ƙarancin laka da gansakuka da ƙwayoyin cuta. Birnin Dusaldof na Jamus yana shan ruwan Rayin ta wannan hanya tun 1870, Budafes ta Hungari ma mafi yawan ruwanta haka take samunsa daga Danub. Ba ya cire gishiri, kuma yakan fito da sinadarin ƙarfe ko manganis da sai an tace, don haka a fara da rijiyar gwaji a auna ruwanta damina da rani kafin a kashe kuɗi a kan sauran.